Gargaɗi: Kada a Sa Hannu Kan Cinikin Haidurojin Sai an Buɗe Lissafin Ruwa

Jama'a, a saurara da kyau. Sarakuna da hakimai da dagatai, shugabannin ƙananan hukumomi, 'yan majalisa, manoma da makiyaya, malaman jami'a da ku 'yan jarida, wannan kira naku ne. Akwai wani ciniki da ke tafe, wanda za a ƙulla da sunan rana da iska, amma da ruwa za a biya shi. Sunan hajar koren haidurojin. Tuni aka zana taswirarsa, aka ƙulla yarjejeniyoyinsa na biliyoyin daloli a wasu ƙasashen Afirka, kuma yankin Sahel yana cikin wuraren da aka sa wa ido. Duk wanda aka kawo wa takarda, ko ta filin kafa masana'anta ce, ko ta izinin haƙa burtsatse, kada ya sa hannu sai an baje masa lissafin ruwan a faifai: lita nawa za a ɗiba, daga ina, shekara nawa, kuma wa zai riƙa auna abin da ya rage.

Ga yadda abin yake. Ruwan da muke sha haɗi ne na iskoki biyu, haidurojin da oksijin. Idan aka ratsa lantarki a cikinsa ta wata na'ura, sai ya rabu, a tara haidurojin a tankuna, a saki oksijin. Haidurojin makamashi ne: ana narka ƙarfe da shi, ana yin amoniya da shi don takin zamani, ana kuma shirin tafiyar da jiragen ruwa da shi. In an ƙone shi ba ya fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Idan lantarkin da aka raba ruwan da shi daga farantan sola ko injinan iska ya fito, sai a ce masa kore. Dabara ce mai kyau, ba mu da rigima da ita. Rigimarmu tana kan abin da ake zuba wa na'urar.

A lissafin kimiyya tsantsa, kowane kilo ɗaya na haidurojin yana cin lita 9 ta ruwa. To amma na'urar ba ta shan ruwan rijiya yadda yake. Sai an tace shi tas, fiye da ruwan leda da na gora, kuma wurin tacewar ana zubar da wani kaso. Sannan na'urar tana zafi, sai an sanyaya ta. In an haɗa duka, kilo ɗaya yakan ci tsakanin lita 20 zuwa 30. Wato jarka guda, irin wadda mai ga-ruwa yake jerawa a kura. Kilo ɗaya, jarka ɗaya. A riƙe wannan ma'auni, domin da shi za a iya auna duk wani alkawari da za a zo da shi. Ba a ma sa ruwan wanke farantan sola a ciki ba, alhali duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke rufe gilashin mota cikin yini ɗaya ya san abin da za ta yi wa fili mai ɗauke da dubban farantai.

Masu saye kuwa suna gaggawa. A watan Mayun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin shigo da tan miliyan 10 na koren haidurojin daga waje nan da 2030. Jamus ta ce rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na buƙatarta a lokacin daga ƙetare zai zo. Ita ce ma ta ɗauki nauyin aikin taswirar da ake kira H2Atlas-Africa, wanda cibiyar bincike ta Jülich ta yi tare da cibiyar WASCAL ta Afirka ta Yamma. Da aka gabatar da sakamakon farko a 2021, an ce yankinmu zai iya samar da haidurojin da ya ninka buƙatar Jamus sau da yawa, kuma ƙasashen Sahel masu yawan rana, irin su Nijar da Mali, suna cikin waɗanda suka fi haske a taswirar. Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana cikin jami'o'in da ke horar da ɗaliban digiri na biyu kan wannan fanni. A 2023 kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince da manufarta: tan dubu 500 a shekara nan da 2030, tan miliyan 10 nan da 2050. Don haka maganar ba ta nesa ba ce. Ta iso bakin ƙofa, sallama kawai ta rage.

Abin damuwar shi ne inda rana ta fi zafi, iska ta fi kaɗawa, fili ya fi faɗi da araha, nan ne ruwa ya fi ƙaranci. Hukumar IRENA mai kula da makamashin da ba ya ƙarewa ta fitar da rahoto a 2023, inda ta nuna cewa sama da kashi 35 cikin 100 na ƙarfin samarwar masana'antun haidurojin mai tsabta, waɗanda ke aiki da waɗanda ake shirin ginawa, yana yankunan da ke fama da matsanancin ƙarancin ruwa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu dubi Namibiya. Ita ce ƙasa mafi bushewa a kudu da Sahara. Babban birninta, Windhoek, tun 1968 yake tace ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje ya mayar da shi famfo a sha, saboda babu yadda za a yi. A 2024 fari ya kai gwamnati ga ayyana dokar ta-ɓaci, har ta ba da izinin yanka namun daji sama da 700, ciki har da giwaye 83, don a raba wa mabuƙata nama. A wannan ƙasa ce aka sa hannu a watan Mayun 2023 da kamfanin Hyphen kan aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 10, kuɗin da ya kusa kai wa duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Filin aikin yana cikin gandun daji na Tsau Khaeb, kusa da garin Lüderitz na bakin teku, inda ruwan saman shekara guda ba ya cika milimita 20, inda kuma ruwan shan garin daga wata tsohuwar taskar ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi ta bututu, tafiyar kilomita wajen ɗari. Burin kamfanin shi ne tan dubu 350 na haidurojin a shekara, a mayar da shi amoniya tan miliyan 2, a loda a jiragen ruwa.

Kamfanin ya ce ruwan teku zai tace, ba zai taɓa na jama'a ba. Hakan mai yiwuwa ne, domin kuɗin cire gishiri daga ruwan teku kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin lantarkin da aikin ke ci. Sai dai kowace lita mai daɗi da aka samu tana barin dagwalon gishiri mai kauri da ake mayarwa teku, kuma mutanen Lüderitz da kamun kifi suke ci. Ƙungiyoyin farar hula na ƙasar sun daɗe suna kokawa cewa ba a bayyana wa jama'a isasshen bayani kan yadda aka zaɓi kamfanin da abin da yarjejeniyar ta ƙunsa ba. Majalisar masu kare muhalli ta Namibiya ta kai ga cewa sunan da ya dace da wannan haja shi ne jan haidurojin, saboda barazanar da ta hango wa tsirran gandun da babu irinsu a ko'ina. Ko wa ke da gaskiya tsakaninsu, abu ɗaya ya fito fili: an gama ciniki kafin a gama bayani. A Muritaniya ma an ƙulla yarjejeniyoyi manya, ɗaya daga ciki na gigawat 30, alhali Nuwakshot ruwanta daga kogin Senegal ake turo shi ta bututu mai tsawon kilomita sama da 150.

Namibiya da Muritaniya suna da teku. Nijar ba ta da shi, Chadi ba ta da shi, Mali ba ta da shi, kuma daga Sakkwato ko Maiduguri zuwa gaɓar teku tafiya ce mai nisan gaske. Duk masana'antar haidurojin da za a kafa a ƙasar Hausa ko a Sahel, ɗayan biyu ne: ko ta sha daga kogi da madatsa, ko ta sha daga ƙarƙashin ƙasa. Babu na uku.

Za a zo muku da wata hujja, kuma gaskiya ce, don haka gara ku ji ta tun yanzu. Za a ce ruwan da haidurojin ke ci ba komai ba ne in an gwada shi da noman rani. Haka ne. Tan dubu 500 da ECOWAS ke buri, in an lissafa da jarka ɗaya kan kowane kilo, ruwansa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da madatsar Tiga ke iya riƙewa ba. Amma ruwa ba a shan sa a jimlar ƙasa, a rijiya ake shan sa. Mu ɗauki masana'anta matsakaiciya mai yin tan dubu 50 a shekara. Kullum za ta sha lita wajen miliyan 3.4, wato jarka kusan dubu 137 daga fitowar rana zuwa wata fitowar. In an ba kowane mutum lita 50 a yini, wannan ruwan mutum dubu 68 ne. A kan taswirar ƙasa ɗigo ne. A ƙauyen da aka kafa bututun, sabon birni ne aka ɗora a kan rijiyoyinsu, birnin da ba ya barci, ba ya azumi, bai san bazara ba.

Na ga ƙaramin samfurin wannan da idona. A ƙauyen iyayen mahaifiyata akwai rijiyar da kakanni suka haƙa, bakinta duk igiyar guga ta sassaƙa shi. Tun tasowarmu ba mu san ta ƙafe ba. Iyakarta ta ja baya a bazara, a ƙara igiya, damina ta dawo ta cika. Wata shekara wani babban manomi ya sayi fili a gabas da gari, ya haƙa burtsatse masu zurfi, ya sa musu injin sola yana ban-ruwa. Bazara ta biyu na je ziyara, na tarar mata sun jera bokitai tun kafin kiran assalatu, kowace ta jefa guga sai ta jira ruwa ya tsattsafo, abin da ke fitowa rabi ruwa rabi laka. Na ce da kawuna, "Kawu, me ya sa ba ku kai ƙara ba?"

Ya ce, "Mun kai, ɗana. Suka ce mu kawo shaidar cewa da can ruwan ya fi haka. Na nuna musu ƙullin da ke jikin igiya, na ce nan yake tsayawa tun zamanin Baba. Suka yi dariya. Wai ƙulli ba takarda ba ne."

Watakila burtsatsen ne ya janye ruwan, watakila ƙarancin damina ne, watakila duka biyun. Babu wanda zai iya rantsewa, domin babu wanda ya auna ya rubuta kafin a fara. Wannan ita ce asarar: wanda bai da ma'auni na jiya ba shi da hujja a yau. Kuma wannan manomi ɗaya ne da burtsatse 'yan kaɗan.

Mun taɓa shan irin wannan a babba. An gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha da noman rani, wannan alheri ne. Amma a can ƙasa, fadamun Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar kowace shekara ke ciyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya, suka tsuke, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Lissafin asarar sai daga baya aka yi shi. A Arlit da Akokan, inda aka shafe shekaru tun 1971 ana haƙar yuraniyom, an yi ta jan ruwa daga taskar ƙarƙashin ƙasa da ta taru tun zamanin da Sahara take da dausayi. Irin wannan ruwa ruwan sama na yanzu ba ya mayar da shi. Gado ne, in an cinye shi ke nan. Tafkin Chadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960, kowa ya san yadda ya koma bayan farin shekarun 1970 da 1980. Mutanen da suka ga waɗannan ba su da uzurin sake sayen kifi a ruwa.

Maganin shi ne buɗaɗɗun bayanai, wato alƙaluman da aka ajiye inda kowa zai iya gani, ya kwafa, ya sake lissafawa da kansa, ba sai ya roƙi wani ko ya biya ba. Wasu suna nan tuni a intanet kyauta. Bankin Duniya yana da taswirar ƙarfin rana da ta iska na kowace ƙasa. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da rumbun AQUASTAT na ruwa da ban-ruwa. Cibiyar WRI tana da taswirar Aqueduct mai nuna inda buƙata ta fi ƙarfin ruwan da ake da shi. Hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya ta tattara kundin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Afirka, ƙasa bayan ƙasa. Tun 2002 kuma taurarin ɗan'adam na GRACE da waɗanda suka gaje su, aikin haɗin gwiwar Amurka da Jamus, suke auna ƙaruwa da raguwar ruwan da ke cikin ƙasa ta hanyar sauyin nauyinta.

Amma a lura da gurguwar ƙafar da ke cikin wannan. Rana da iska daga sama ake auna su, kuma an auna su sosai, har mai zuba jari zai iya sanin ƙarfin rana a gonar kawuna yana zaune a ofishinsa a Turai. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba haka yake ba. Ma'aunin GRACE faɗinsa ɗaruruwan kilomitoci ne. Zai iya gaya maka halin da yanki guda yake ciki, amma bai san rijiyar ƙauye ba. Sanin rijiya sai an je bakinta an zura ma'auni, wata bayan wata, shekara bayan shekara. A nan ne muke da rauni. Ana haƙa burtsatse ba adadi a garuruwanmu, kuma mai haƙar yakan tafi da abin da ya gani a kansa: zurfin da ya samu ruwa, irin dutsen da ya ratsa, yawan abin da rijiyar ke bayarwa. Abin da aka rubuta kuma yana cikin fayil a ofis, ƙura ta rufe shi. Sakamakon haka, taswirar da mai saye ke riƙe da ita idonta ɗaya garau yake, ɗayan kuwa yana da yana. Wurin da babu alƙaluma a kansa yakan fito a taswira tamkar babu matsala, alhali matsalar ce ba a auna ba.

Ga kuma batun maƙwabtaka. Taskar ruwan Iullemeden tana kwance ƙarƙashin Mali da Nijar da arewa maso yammacin Najeriya. Ruwan Sakkwato da Kebbi reshenta ne. Ba ta san kan iyaka ba, ba ta san wa ya fita daga ECOWAS wa ya zauna ba. Wanda ya ja da ƙarfi a gefe ɗaya, na ɗaya gefen zai ji a igiyarsa. In ba a musayar alƙaluma tsakanin hukumomin ƙasashen, to rigimar gobe ake shukawa.

Saboda haka ga abin da ya wajaba, kuma yanzu, tun ba a fara aza harsashi ba.

Gwamnatoci su buɗe rumbunansu. Hukumar kula da alƙaluman ruwa ta Najeriya, hukumomin raya kogunan Haɗeja-Jama'are da Sakkwato-Rima da Chadi, ma'aikatar ruwa ta Nijar, duk su sa bayanan rijiyoyi da koguna a intanet yadda kowa zai iya saukewa. A wajabta wa duk mai haƙa burtsatse ya miƙa rahoton abin da ya tarar kafin a biya shi.

Kada a ba kowane kamfani izini sai an auna rijiyoyin kewayen wurin na tsawon damina da rani, an wallafa sakamakon. A rubuta a cikin yarjejeniya iyakar litar da zai ɗiba a yini, a sa mita a bakin bututunsa, a riƙa bayyana abin da mitar ta nuna kowane wata. A ja layi: in ruwan ƙasa ya sauka zuwa kaza, injin ya tsaya. A kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa a shekarar fari mutum ne farko, dabba ta biyu, gona ta uku, masana'anta ta ƙarshe. Ruwan gado da ba ya dawowa kuwa kada a sayar da shi don a fitar waje, ko nawa aka taya.

Yarjejeniyar kanta a wallafa ta dukanta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In an ce sirrin kasuwanci ne, ku amsa cewa farashin haja yana iya zama sirri, amma yawan ruwan da za a janye daga ƙarƙashin gidajen mutane ba sirrin kowa ba ne. Najeriya tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, tana da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tun 1992, wadda ta tanadi a baje rahoton don jama'a su duba. 'Yan jarida da lauyoyi su yi aiki da su. A fassara rahotannin zuwa Hausa da Kanuri da Fulfulde da Zabarmanci da Buzanci, a karanta su a rediyo, domin takarda mai shafi ɗari biyar da Turanci ko Faransanci da aka ajiye a sakatariya ba ta da bambanci da wadda aka kulle.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa, ku ne za a fara zuwa wurinku, da hula a hannu da alkawarin aikin yi da asibiti da famfo. Ku karɓi baƙi da mutunci, ku ba su ruwa su sha, sannan ku tambaye su na masana'antarsu daga ina zai fito. Ku kira makiyaya zaman, domin su suka san kowace rijiya da mashaya a kan burtali, kuma su ne sunansu ba ya fitowa a takardar fili. Ku kira mata, domin su ne za su fara sanin ranar da guga ya daina nitsewa.

Jama'ar gari kuma kada ku jira hukuma. Igiya da tef ɗin awo na tela da littafin 'yan makaranta sun isa. A zaɓi rijiya biyu ko uku, a sa malamin makaranta ko limami ko wani ɗalibi ya riƙa auna nisan da ke tsakanin bakin rijiya da fuskar ruwa, ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ɗiba. A rubuta kwanan wata da adadin, mai unguwa ya sa hannu, a ɗauki hoton shafin da waya a tura wa 'yan garin da ke birni don kada ya ɓata. Jami'o'inmu su tattara waɗannan littattafai, su tantance, su ɗora a rumbu ɗaya. Ba ya cin kuɗi, kuma bayan shekara uku zai zama abin da babu injiniyan da zai iya yi masa dariya.

Ba muna cewa a kori haidurojin ba ne. Ƙasar da takin zamani ke gagarar manominta tana da dalilin son amoniyar da aka yi da ranarta. In ruwa ya isa, lissafi ya nuna, jama'a suka gani suka yarda, to bismillah. Abin da muke ƙi shi ne a ƙulla ciniki na shekara arba'in a kan ruwan da ba a auna ko na shekara ɗaya ba.

Kawuna yana nan da igiyarsa, ƙullin yana nan inda mahaifinsa ya yi shi, ruwan ne ba ya kaiwa wurin. Wata mai zuwa, ranar ɗaya ga wata, ku je bakin rijiyarku da littafi.